Takalmin Nutso: Mai Allo Ko Mai Tsaga?

A watan jiya wani dattijon ekklesiya ya aiko mana da wasiƙa, tambayar da ke cikinta kuwa ba mu taɓa samun irinta ba tun da muka fara wannan shafi. Ɗansa na biyu ya tafi Kudu, can bakin teku, yana koyon aikin nutso, watau aikin mutanen nan da su ke goya tulun iska su shiga ƙarƙashin ruwa domin duban jirage da gyaran bututun mai. Yaron ya rubuto gida yana neman kuɗin takalmin nutso. Ya ce iri biyu ne a kanti. Ɗaya shimfiɗaɗɗe ne kamar allo. Ɗayan an tsaga shi gida biyu kamar kofaton akuya. Mai kanti yana ta yabon mai tsagar, wai shi ne sabon yayi, ba ya gajiyar da ƙafa. Malamin da ke koya musu kuwa ya ce mai allo za su saya.

Dattijon ya ce shi manomi ne, bai taɓa ganin teku ba, ruwan da ya sani shi ne rafin bayan garinsu. Kuɗin kuma daga buhunan masara za su fito. Uwar yaron ma, tun ran da ta ji irin aikin da ɗanta ya zaɓa, barcinta ya ragu. Saboda haka ya roƙe mu mu bincika masa, kada ya sayar da hatsi ya saya wa ɗansa abin da zai cuce shi. Mun bincika. Da ya ke akwai waɗansu gidaje masu 'ya'ya a sojan ruwa da 'yan kwana-kwana da kamfanonin mai, mun ga ya kamata mu ba da amsar a nan kowa ya gani.

Takalmi da numfashi

Takalmin nutso roba ce. Yana da aljihu inda a ke sa ƙafa, sa'an nan daga yatsu sai ya miƙe ya yi faɗi kamar ƙafar agwagwa. Tsawonsa duka ya kan kai kamu ɗaya ko fiye. Mai nutso ba ya iyo da hannu kamar yadda yaranmu su ke yi a rafi. Hannuwansa suna riƙe da fitila ko igiya ko kayan aiki. Tafiyarsa duka a ƙafa ta ke, ga tulu a baya, ga dalma a ƙugu, ga ruwa yana tokare shi. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800. Wanda ya taɓa ƙoƙarin gudu cikin ruwa mai kai ƙugu ya san abin da mu ke nufi. Mutum mai tafiyar kasuwa a tudu, ba gaggawa, ya fi mai nutso sauri nesa. In kuma mai nutso ya so ya ninka saurinsa, tokarewar ruwan ba ninki biyu ta ke yi ba, ninki huɗu ta ke yi.

To, ƙafar da ke aiki da ƙarfi tana sa huhu ya nemi iska da yawa, iskar mai nutso kuwa a aune ta ke. Bari mu yi ɗan lissafi. Tulun da a ke yawan amfani da shi yana cin lita 12, ana kuwa matsa iska a cikinsa har ninki 200, watau lita 2,400 ke nan. Ka'ida ce a bar kashi ɗaya cikin huɗu domin hawowa da ko-ta-kwana, saura lita 1,800. Mu ɗauka mutum yana shaƙar lita 20 a minti ɗaya a bisa ruwa. Kowace mita 10 da ya nutsa, ruwa yana ƙara masa nauyi daidai da nauyin iskar sararin sama duka, don haka a zurfin mita 20 kowane numfashi yana cin ninki uku, lita 60 a minti. Iskarsa za ta kai shi minti 30. Amma in ya shiga kokawa da ruwa har hakinsa ya ninka, minti 15 kaɗai ya ke da shi. Ba nan abin ya tsaya ba. Mai haki a zurfi ba ya fitar da gurɓatacciyar iskar jikinsa sosai, sai ta taru, kai ya yi ciwo, zuciya ta ruɗe, mutum ya ji kamar ya tofar da abin shaƙar ya ruga sama. Rugawa sama daga zurfi kuwa tana iya fasa huhu. Kun ga yadda zancen takalmi ya zama zancen rai.

Inda abin ya samo asali

Benjamin Franklin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen ƙasar Amurka, ya ba da labari da kansa cewa sa'ad da ya ke yaro ya sassaƙa 'yan alluna biyu ya riƙe a tafin hannu domin ya ƙara saurin iyo. Sun ƙara masa sauri, amma sun gajiyar da wuyan hannunsa. Ya gwada wani abu kamar fade a ƙafa kuma, bai ji daɗinsa ba. An haifi Franklin a 1706, ashe tun shekaru 300 da suka wuce mutum ya gane cewa allo mai tura ruwa da yawa yana karɓar ladansa daga gaɓoɓi.

Takalmin da mu ke gani yau wani hafsan sojan ruwan Faransa ne ya ƙago shi, sunansa Louis de Corlieu. Ya nuna wa 'yan'uwansa hafsoshi samfurin farko a 1914, ya yi masa rajista a 1933. Abin da ya burge mu shi ne, cikin sunan da ya ba shi ya sa kalmar ceto, gama tun farko domin ceton waɗanda ruwa ya ci ya yi tunaninsa. Wani Ba'amurke, Owen Churchill, ya sayi izinin yinsa, ya fara ƙera shi a Amurka wajen 1940, sojojin ruwa kuma suka yi aiki da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daga tulu daidai lokacin da ya ja numfashi. Daga nan ne yawo a ƙarƙashin ruwa ba igiya, ba takalmin dalma, ya yaɗu. A 1964 kamfanin Beuchat na birnin Marsai ya fito da wani gajeren takalmi baƙi, mai kauri da nauyi, mai 'yan tagogi kusa da yatsu, a ka sa masa suna Jet Fin. Har yau ana yin sa, sojojin ruwa da masu shiga kogo ba su rabu da shi ba.

Duk waɗannan masu allo ne. Mai tsaga ɗan baya ne, wajen ƙarshen shekarun 1990 ya shigo kasuwa, kamfanoni irin su Apollo da Scubapro da Atomic suka yi nasu. Don haka maganar mai kanti cewa sabon yayi ne tana da gyara. Yayin ya haura shekara 25.

Garma da fartanya

Mun daɗe muna neman yadda za mu bayyana wa manomi bambancin, sai muka tuna kayan aikinsa. Mai allo garma ne. Sara ɗaya ya ɗebo ƙasa mai yawa, kunya ta tashi nan da nan, amma sai mai ƙarfin baya. Duk lokacin da mai nutso ya kaɗa ƙafa, allon yana tura ruwa mai yawa baya, shi kuma ya yi gaba. Yana jin nauyin ruwan a cinya da gwiwa da idon sawu. Wanda bai saba ba, kafin rabin sa'a dambubunsa ya kan ƙage.

Mai tsaga fartanya ne. Robarsa tana da taushi, gefunansa biyu kaɗai ke da ƙarfi. In an kaɗa ƙafa, sai fukafukan nan biyu su lanƙwashe su buɗe, ruwa ya bi ta tsakiya. Ƙafa ba ta jin nauyi sosai. Masu yin sa sun ce kowane fiffike yana murɗawa kamar farfelar jirgi, yana jan mutum gaba. Amma yana da sharaɗi: sai an yi ta kaɗa ƙafa ƙanana-ƙanana da sauri. Wanda ya buɗe ƙafa ya yi babban sara irin na garma da shi, zai ji kamar yana shuri cikin iska. Sau da yawa wannan ne dalilin da wanda ya saba da mai allo ya kan gwada mai tsaga sau ɗaya ya ce ba shi da amfani, wanda ya fara da mai tsaga kuma ya sa mai allo ya ce katako aka ɗaura masa.

Kowane manomi ya san ba a tambaya wai tsakanin garma da fartanya wanne ya fi. Sai a ce, huɗa za ka yi ko noman ciyawa? Ƙasar jigawa ce ko ta fadama? Hannun wa za ta shiga?

Abin da masana suka auna

Ba mu so mu tsaya kan maganar 'yan kasuwa ba, gama kowa nasa ya ke yabo. A 2003 waɗansu masana na Jami'ar Bafalo a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki takalma iri 8, suka ba masu nutso 10, suka sa su iyo a ƙarƙashin ruwa cikin wani zagayayyen tafki na gwaji, suna auna iskar da jikin kowa ke ci a kowane irin sauri. Cikin waɗanda suka fi tattalin iska akwai wani mai allo mai tauri, akwai kuma wani mai tsaga mai taushi. Mai kanti zai so ya ji rabin wannan labari. Ga sauran rabin: masanan suka ɗauki mai tsagar nan suka liƙe tsagar, suka sāke gwadawa, aikinsa bai ragu ba. Watau alherin da ke cikinsa daga taushin robar da ƙirarsa ya ke fitowa, tsagar ba ita ce ta kawo shi ba. 'Yan tagogin da a ke yi wa waɗansu masu allo ma ba su ga sun ƙara tattalin iska ba.

Amma a lura. Wannan gwaji na tafiya gaba ne sak, cikin ruwa mai tsabta wanda ya kwanta, da kaɗa ƙafa sama da ƙasa irin na kowa. A irin wannan hali kowanne daga cikin biyun zai kai mutum. Ɗan dattijonmu kuwa ba a tafkin gwaji zai yi aiki ba.

Inda bambancin ke fitowa

Abu na fari shi ne kaya. Mai nutso na aiki ya kan ɗauki sifana da guduma, ya ja igiya, wani lokaci ya goya tulu biyu. Ran da abin tsautsayi ya faru, abokinsa ne zai ja, mutum sukutum da kayansa, wanda watakila ya suma. Sa'ad da nauyi ya ƙaru, a kan so takalmin da sara ɗaya zai motsa mutum daga tsaye. Roba mai taushi sai ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyi. Masu son mai tsaga su kan ce in an ƙara saurin kaɗawa yana bi da gudun ruwa, ba kuwa ƙarya su ke yi ba ga mutum marar kaya wanda ya iya shi. Amma yawancin masu koyar da nutso na aiki da na zurfi ba su yarda su dogara gare shi ba inda ruwa ke ja kuma mutum yana ɗauke da kaya, mu ma a nan muna bayansu.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farin nauyi, shi ne laka. A gindin kogi da tafki da cikin jirgin da ya nutse, laka mai laushi kamar garin tuwo tana kwance shekara da shekaru. In mutum ya kaɗa ƙafa sama da ƙasa a bisanta, ruwan da takalmin ya tura ƙasa sai ya tashe ta. Cikin ƙiftawar ido wuri ya yi duhu, fitila ba ta ratsa ta, mutum ba ya ganin agogon iskarsa balle ƙofar da ya shigo. Domin wannan ne masu nutso suka koyi tafiyar kwaɗo: a tanƙwara gwiwa, tafin ƙafa yana sama, a buɗe ƙafafu gefe, a haɗa su kamar mai tafi. Ruwan sai ya tafi baya sak, lakar ta kwanta abinta. Sun kuma koyi ja da baya ba tare da juyawa ba, da juyawa a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa. Duk waɗannan dabaru suna bukatar allo mai tauri wanda gefensa zai kama ruwa. Da mai tsaga ana iya ɗan taɓa tafiyar kwaɗo, amma ja da baya sai da wahala ƙwarai. Ga shi kuma inda a ke bin igiya cikin duhu, tsagar tana iya cin igiyar ta riƙe ƙafa.

Masu sauraron rediyo za su tuna yaran nan 12 'yan ƙwallo da malaminsu da ruwa ya rufe cikin kogon Tham Luang a ƙasar Tailan. Sun shiga ran 23 ga Yuni 2018, ba a same su ba sai ran 2 ga Yuli, aka gama fito da su ran 10 ga wata. Masu nutson da suka yi aikin sun bi ta ramuka matsattsu cikin ruwa mai launin kunu, ruwa yana ja, suna lalube da igiya. Ɗaya daga cikinsu, Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasa ransa ran 6 ga Yuli yana komowa daga ajiye tulunan iska a hanya. Ƙwararre ne, ba ɗan koyo ba.

Ba sai mun je Tailan ba. Ran 26 ga Mayu 2013 wani jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaban Eskrabos a Jihar Delta, ya kwanta rub da ciki a zurfin wajen mita 30. Mutum 12 ke ciki. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya sami wani ɗan lungu inda iska ta maƙale, ya zauna nan cikin duhu da sanyi kusan sa'a 60, yana addu'a, yana tuna Zabura da matarsa ta aiko masa ta waya. Masu nutson da aka aika ba mai rai su ke nema ba, gawa suka je ɗaukowa. Suna lalube cikin ɗakunan jirgin, kome a birkice, ruwa a dame, sai hannu ya kama hannun ɗayansu. Shi kaɗai ya tsira. Bayan an fito da shi sai da ya yi kwanaki cikin ɗakin ƙarfe inda a ke rage wa jiki matsin zurfi sannu-sannu. Abin mamaki, a 2015 shi kansa ya zama mai nutso.

Mun kawo wannan labari domin iyaye su ga irin wurin da 'ya'yansu za su shiga. Ruwan bakin tekunmu, inda Kwara da Binuwai ke zubar da ƙasar da suka kwaso tun daga Arewa, ba garau ya ke ba. Kainji da Shiroro da Tiga ma haka, balle da damina. Mai nutso a ƙasarmu sau da yawa da hannu ya ke gani. A irin wannan ruwa, takalmin da ke ba mutum ikon tsayawa cik, da ja da baya, da barin laka ta kwanta, shi ne abokin tafiya.

Hakkin mai tsaga

Kada a ce mun yi masa rashin adalci. Akwai mutanen da mai tsaga ya yi wa rana. Wanda gwiwarsa ta taɓa gocewa, ko shekaru sun fara kama shi, ko wanda ƙafarsa ta kan ƙage da wuri, mai tsaga zai bar shi ya yi sa'a guda cikin ruwa ba tare da azaba ba. Ƙagewar ƙafa a zurfi ba abin wasa ba ce, gama mutum ya kan saki abin da ke hannunsa ya kama ƙafar, numfashinsa ya rikice. Masu zuwa Bahar Maliya ta wajen Masar domin kallon kifaye da murjani, inda ruwa ke da haske har a hangi gindi daga cikin jirgi, ba kaya, ba laka, da yawansu da mai tsaga su ke yawo suna jin daɗi. In irin wannan nutso mutum zai yi, ba mu da abin cewa.

Akwai kuma na tsaka-tsaki. Ba kowane mai allo ne ke da taurin katako ba. Waɗansu an yi musu tsakiya mai taushi wadda ke lotsawa kamar ludayi ta kama ruwa, waɗansu an yi musu gaɓa kusa da yatsu. Ga ɗan koyo mai matsakaicin ƙarfi, irin waɗannan sun fi baƙin mai nauyin nan sauƙi. Shi baƙin yana nutsewa cikin ruwa. Turawa masu sa rigar sanyi mai iska a ciki suna son nauyin, gama yana hana ƙafafunsu tashi sama. A ruwanmu mai ɗumi, inda riga ba ta da kauri, nauyin nan yana iya jan ƙafafu ƙasa, mutum ya riƙa tafiya a karkace yana huɗar laka da takalmi. Wannan mai kanti ba zai faɗa ba, watakila ma bai sani ba.

A gwada tukuna

Cikin 1 Sama'ila sura 17 mun karanta yadda Sarki Saul ya sa wa Dawuda kayan yaƙinsa, kwalkwali da sulke da takobi. Kayan sarki ne, babu na biyunsu a sansanin. Dawuda ya yi ƙoƙarin tafiya da su, ya kasa, ya tuɓe su domin bai saba da su ba. Mu kan yi wa'azi da wannan sura a kan dogara ga Ubangiji, daidai ne kuwa. Amma akwai hankalin makiyayi a ciki kuma: yaron bai yarda ya shiga fagen rai da mutuwa da kayan da jikinsa bai sani ba.

Saboda haka ɗan koyo ya ari takalman abokansa da na makaranta, ya shiga tafkin koyo da kowanne, da tulu a baya, ba a kanti a tsaye ba. Ya gwada tafiyar kwaɗo, ya gwada ja da baya, ya gwada jan abokinsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙafarsa za ta gaya masa gaskiya.

Aljihun ƙafar ya fi allon muhimmanci, ko da ya ke ba a cika zancensa ba. Iri biyu ne. Akwai mai rufe ƙafa duka kamar kambas, wanda a ke sawa ba safa, domin ruwan ɗumi da shiga daga jirgi. Akwai mai buɗaɗɗiyar dunduniya da maɗauri a baya, wanda a ke sawa bisa ƙaramin but na roba. Na aiki shi ne na biyun, gama mutum zai taka tsatsa da kawa da fasassun kwalabe kafin ya kai ruwa. A tafi kanti da but ɗin a gwada su tare. In ya matse, jini ba zai gudu ba, ƙafa ta ƙage. In ya yi sako-sako, zai yi kanta a dunduniya, ko ya suɓuce. Mai nutso da takalmi ɗaya kamar kwalekwale ne da a ke tuƙawa ta gefe guda. Maɗaurin roba ya kan tsufa ya tsinke ba sanarwa, yawanci a daidai lokacin da a ke jan sa za a shiga ruwa, don haka na sifirin ƙarfe ya fi, in babu kuwa a riƙa ajiye na canji cikin jaka. Bayan aiki a wanke gishiri da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, a kwantar da shi. Rana tana cin roba, jingina shi a kan bakinsa kuma yana tanƙwara allon.

Gargaɗi ga na gida

Yanzu a kan ga irin takalman nan jefi-jefi cikin kayan gwanjo a manyan kasuwanni, tare da tabaran ruwa. Yaro ya gani ya yi sha'awa. Muna roƙon iyaye, musamman na wajen Jos da Bukuru inda tsofaffin ramukan kuza ke cike da ruwa, kada ku ɗauka takalmi yana koya wa yaro iyo. Abin da ya ke yi shi ne ya kai yaron tsakiyar ruwa da sauri, inda da ƙafarsa kaɗai ba zai kai ba. In ɗaya ya fice a can, ko ƙafa ta ƙage, komowa ta zama aiki. Ramukan nan bakinsu a tsaye ya ke, gindinsu da sanyi da laka. Robar gwanjo kuma sau da yawa ta riga ta mutu. A lanƙwasa ta a duba, in an ga 'yan tsage-tsage kamar na kaushin dunduniya, a bar ta nan. Tulun iska kuwa, ko kyauta aka ba mutum, kada ya shiga ruwa da shi sai ya yi makaranta, kada kuma ya shiga shi kaɗai.

Amsar da muka ba dattijon

Mun rubuta masa cewa ya bi maganar malamin. Malamin ya san ruwan da yaron zai shiga, shi ne kuma zai amsa tambaya in wani abu ya faru, mai kanti kuwa da an biya shi ya gama nasa. Yaron saurayi ne, ɗan manomi wanda ya tashi da garma a hannu, gwiwarsa lafiya, aikinsa na kaya ne cikin ruwan laka. Mai allo ya dace da shi, mai matsakaicin tauri, mai buɗaɗɗiyar dunduniya, da maɗaurin sifirin in kuɗi ya kai. Mun ce kafin a sayar da masara, yaron ya tambaya ko makarantar tana ba da aro har ya gama watannin fari, gama ƙafar ɗan koyo tana ƙara ƙarfi, abin da ya yi masa tauri yau zai yi masa daidai nan gaba. Ya kuma tambaya wane reshe zai bi, domin masu aiki a gindin ruwa da a ke aika wa iska ta tiyo daga jirgi, sau da yawa da but mai nauyi su ke takawa, takalmin iyon yana rataye.

Ga uwar yaron muka ƙara layi ɗaya. In akwai zaɓin launi, ta ce wa ɗanta ya ɗauki rawaya ko fari. Cikin ruwa mai duhu, abin da na baya ya kan fara hanga na abokinsa shi ne takalmi.